Ga mai neman kayan injin milin ƙirar gida: ni ma na sha wannan wuyar

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, ka ce ka gaji da kolet (abin da ke riƙe kota, wato wuƙar yanka, a bakin injin milin mai sassaƙa ƙarfe) da bayis (abin matse aiki a kan teburin injin) masu arha da ake shigowa da su, kana neman inda za ka samu waɗanda aka ƙera a cikin ƙasa. Tun safe na karanta saƙonka, na ajiye waya, na sake ɗauka, don wallahi ka fama mini tsohon miki.

Bari in fara da abin da ya same ni. An kawo mini shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa a cikin inji, in yanka masa ramin ki, inda ɗan ƙarfen da ke kulle shi yake zama, kuma shaf ɗin ba nawa ba ne, mai shi ya riga ya kashe kuɗi an gama masa sauran aikin, nawa ne na ƙarshe. Na ɗaura kota mai milimita 8 a cikin sabon kolet, na ɗaure da kyau, na fara tafiya. Wajen rabin rami sai na ji kukan injin ya canza, ya koma wani irin gurnani. Kun san kota mai murɗaɗɗen baki kullum ƙasa take jan kanta. Ashe kolet ɗin bai riƙe ta ba sai da leɓe, tana ta zamewa a hankali tana nutsewa. Ramin da ya kamata ya tsaya a zurfin milimita 4 ya fara daidai, ya ƙare kamar gangaren rijiya. Kafin hannuna ya kai makunni ta karye, guntun ya wuce ta gefen kunnena ya bugi bango. Na tsaya ina kallon shaf ɗin, gumi na zuba, yaron da ke koyo a wurina ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi. Ni na biya shaf ɗin nan daga aljihuna, kuma mutumin bai ƙara kawo mini ko wosha ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda ya sayar mini. Na je wurinsa takanas don in guje wa na waje, ya dafa ƙirji ya rantse mini ƙirar gida ce, har yana nuna mini tambarin da ke kan kwali. Bayan abin ya faru na wanke kolet ɗin da kananzir, na duba gindinsa a hasken rana, sai ga wurin da aka goge wani rubutu da dutsen wasa, an bar shi yana sheƙi. Kwalin ne kawai na gida. Na mayar masa, ya juya shi a hannu ya ce ai ni ne ban iya ɗaurewa ba. Ni! Shekara nawa ina tsaye a gaban injin nan. Ya ƙara da cewa kaya in ya fita ba ya dawowa, ya juya yana sallamar wani. Har yau in na bi ta wurin sai in kau da kai. Na bar shi da Allah.

To daga nan na daina tambayar "ina aka yi shi", na koma tambayar "wa ya yi shi, kuma zan iya magana da shi". Suna a jikin kwali ba ya gaya maka komai. Ko manyan kamfanoni ba a wuri guda suke ƙira ba: Starrett, mai ƙera kayan awo, da ya fara a Athol ta jihar Massachusetts tun 1880 yana da masana'anta a Brazil da Scotland da Sin. A Amurka doka ta ce ba ka rubuta cewa a can aka yi abu sai in kusan dukkansa a can aka yi, shi ya sa za ka ga wasu suna kewaye-kewaye, su rubuta "an tsara a" ko "an harhaɗa a". In ka ga irin wannan lafazin ka san akwai lauje cikin naɗi. Ka nemi mai ƙirar da kansa, ka tambaye shi a ina ake zuba ƙarfen, a ina ake ba shi ruwa don ya yi tauri, a ina ake goge shi. Wanda yake yi da hannunsa ba ya in-ina.

Kuma ka raba kayan gida biyu, don ba duka ne sai an je nesa ba. Notin T da ke shiga ramin teburin inji, madannai, ƙusoshin ɗaure aiki, sandar da ke jan kolet, duk wannan duk mai injin da ya san hannunsa zai yi maka, kai ma za ka iya yi a kan injinka. Ƙirar gida ta wuce wannan? Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sayen notin T ba, kuma aikin farko da yake ba yaro ke nan. Abu ɗaya kawai: ka dagula zaren ƙarshe na gindin notin don kada ƙusar ta zarce ta tokare ƙasan ramin teburi. In ta tokare kana ɗaurewa, leɓen ramin take ɗagawa, kuma ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. Na ga teburin da aka yi wa haka, ba kyan gani.

Kolet da bayis da cok (mariƙi mai haƙoran matsewa) kuwa wata magana ce daban, don suna son ban ruwa da gugar da ƙaramin wurin aiki ba shi da injinta. Nan ya danganta da ƙasar da kake. Wanda ke Amurka yana da Kurt a Minneapolis, masu bayis ɗin nan da ke da rabin ƙwallo a cikin muƙamuƙi, wanda in ka matse yake jan muƙamuƙin ƙasa maimakon ya ɗaga aiki. Jamus suna da Röhm da Albrecht, Poland suna da Bison, Suwizalan kuma Rego-Fix, su ne ma suka ƙirƙiro kolet ɗin ER, irin wanda ake ɗaurewa da noti, a farkon shekarun 1970. In ƙasarka ba ta da irin waɗannan, kada ka bari kishin gida ya sa a yi maka irin tawa. Ka nemi na hannu. Masana'antar da ta rufe, makarantar koyon sana'a da ke sauya injuna, tsohon ma'aikaci da ya ajiye aiki, a nan kayan kirki suke kwance cikin giris. Bayis ɗin da nake aiki da shi yanzu ya girme ni, na same shi da tabon rawar burgi ko'ina a jikinsa, amma in ya kama aiki ya kama.

Af, na manta. Kowane ne ka samu, sabo ko tsoho, na gida ko na waje, kada ka biya sai ka ɗora masa agogon awo, mai allurar da ke nuna ko abu yana rawa. Ka fara da bakin sandar injinka mai juyawa, inda kolet ke shiga, tukuna, don wani lokacin laifin na can ne muna zagin kolet. Sannan ka sa gindin karyayyiyar kota ta kabayid, ƙarfen nan mai tsananin tauri, a cikin kolet ɗin, ka juya da hannu. Kolet mai kyau bai kamata allura ta wuce 0.01 zuwa 0.02 na milimita ba. Nawa na ranar nan da na auna daga baya ya kusa 0.1. Ka yi lissafi: ƙaramar kota mai haƙora huɗu, kowane haƙori rabonsa wajen 0.03 ne a zagaye ɗaya. In tana rawa da 0.1, haƙori ɗaya ne ke cin abincin huɗu, sauran suna shan iska. Ina za ta kai? Ka kuma shafa wa jikin kolet ɗin tawadar alƙalamin maka, ka zura a mazauninsa ka murza kaɗan ka fitar, ka ga inda ya goge. In zobe siriri kawai ya bari, ajiye musu kayansu. Bayis kuma ka sa allurar a saman aikin ka matse, ka ga nawa yake ɗagawa. Ka goga magagari a kusurwar muƙamuƙin, in ya ci to ɗanye ne.

Tsakani da Allah dai, ba duk na waje ne banza ba. Akwai na Taiwan da na Japan da ba za ka kushe ba, kuma ina da madannai masu arha da suka yi shekaru ba su ce uffan ba. Mu ma muna da namu laifin. Sau nawa na ga mutum ya jefa kolet ɗin ER cikin mariƙi sannan ya ɗora noti a kai, alhali sai ya fara shiga cikin notin ya yi ƙas tukuna. Yaron nan nawa ya kashe mini biyu ta haka, na yi masa faɗan da daga baya na ji kunya, don ranar haushin mai sayar da kolet ɗin can ne na huce a kansa.

Ka kula da zare kuma. In bakin injinka R8 ne irin na injinan kamfanin Bridgeport, zaren sandar jan kolet 7/16-20 ne na awon inci, amma akwai masu zuwa da M12 na awon milimita, ido ba ya bambance su sai ka ji ya cije bayan zagaye ɗaya ko biyu. Kada ka ce za ka ƙarasa da sifana.

Malam, ka faɗa mana wane baki ne a injinka, R8 ne ko MT3 ko ISO 40, da faɗin ramin teburinka. In 5/8 na inci ne ina da zanen notin T da na madanni da na kwafa daga littafin maigidana, zan ɗauki hotonsa in tura maka da daddare in na rufe.