Gyara ƙwan kifi don sa wa ƙugiya, da maganar jinin kifi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina zaune a Tacoma jihar Washinton ta Amurka, shekarata ta huɗu kenan. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ya koya min fatsa, muna zuwa kogin Cowlitz da na Puyallup lokacin da kifin salmon ke hawowa daga teku. A nan ba tana ake sa wa ƙugiya ba kamar gida, ƙwan kifin ake gyarawa, a farke cikin macen a ciro ƙwan da tantaninsa a barbaɗe shi da boraks, wani farin garin wanki, da suga da gishiri, wani lokaci har da garin Jell-O, wani garin kayan zaƙi mai kala, dan yayi ja, a sa a firij kwana 3 sannan a adana a firiza. To wani ɗan'uwa a masallacinmu yace min ƙwan nan najasa ne saboda jinin kifi najasa ne a mazhabar Malik, wai duk sallar da nayi a bakin ruwa da kayan fatsa sai na rama, kuma kifin da ya haɗiyi ƙwan baya ciwuwa. Hankalina ya tashi sosai. Sannan Malam idan Nuwamba tayi kifin yakan yi baƙi naman ya saki babu daɗi, sai mu cire ƙwan kawai mu jefa sauran a ruwa tunda dama mutuwa zata yi. Menene hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana ka kwantar da hankalinka, babu sallar da zaka rama. Amma tunda na karanta saƙon naka nake ta maimaita layin ƙarshe, dan abin da ka saka a ƙarshe kamar ƙarin bayani shine wanda ya fi damuna, kai da ɗan'uwan naka kun bar jaki kuna dukan taiki.

Ƙwan kifi halal ne mai tsarki, hukuncin uwarsa yake bi, kifi kuma ko mushensa halal ne baya buƙatar yanka. Boraks da suga da gishiri duk masu tsarki ne. Sa wa kifi ƙwan ɗan'uwansa a ƙugiya babu laifi, dama a cikin ruwan ma abincinsu ne. Wannan babu abin tsayawa a kai.

Inda hukunci ya canza shine inda kace kuna cire ƙwai ku jefar da kifin. Wannan bai halatta ba. Shari'a ta baka damar ɗaukar ran dabba ne saboda ka ci ko ka ciyar, Shehu Khalil a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, ya faɗa ƙarara cewa farautar abin da ake ci ba da niyyar amfani da shi ta hanyar da shari'a ta halatta ba haramun ne, kuma akwai hadisin da Nasa'i ya rawaito akan wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙinsa ba, aka ce haƙƙinsa shine ya yanka ya ci kada ya cire kai ya jefar. Malaman hadisi sunyi magana akan isnadinsa amma ma'anar tana da gindi a wasu nassoshin, hani ga almubazzaranci da tozarta dukiya ya isa. Zaka iya cewa ai nayi amfani da ƙwan. Eh kayi, amma ka duba lissafin, ka kashe kifi mai kilo huɗu ko biyar ka jefar da naman gaba ɗaya dan ka samu abin da zaka kamo wani kifin da shi, wanda shima watakila ƙwansa kawai zaka ɗauka. Ina ƙarshen abin?

Maganar cewa dama mutuwa zata yi, gaskiya ne salmon na tekun Fasifik idan ya dawo kogin da aka ƙyanƙyashe shi kusan yana daina cin abinci, ya zuba ƙwai sannan ya mutu, shi yasa kake ganin jikin yayi baƙi naman ya saki. Amma mutuwar bayan ta zuba ƙwan ce ɗana. Kai kuma ka tare ta a hanya da ƙwai dubbai a cikinta, bayan tayi shekaru a teku ta hawo ruwa tana fama. Allah ya zargi wanda yake halaka shuka da zuri'a a Suratul Baƙara aya ta 205. Kuma wurin da kake ba wurin da kifin ya yi yawa bane, salmon ɗin da suke kira Chinook na yankin Puget Sound tun 1999 gwamnatin Amurka ta saka shi cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Dokar kamun kifi ta jiharku ma ta hana a cire ƙwan salmon dan yin abincin ƙugiya ba tare da an riƙe gangar kifin ba, ka buɗe littafin dokokin da hukumar kifi da namun daji take fitarwa duk shekara zaka gani. Kai da ka shiga ƙasar mutane da biza ka yanki lasisi ka sa hannu, alkawari ka ɗauka, musulmi kuma yana kan sharaɗinsa. Ko a gida ai mun san wannan, a Argungu ruwan Matan Fada ba kowane lokaci ake barin masunta su shiga ba, ana tsare shi ne kifi ya hayayyafa.

Saboda haka idan kifin ya kai matakin da ka san ba zaka ci ba, kada ka kama shi, idan ya faɗo ƙugiyarka ka sake shi da ransa a hankali. Idan ka riƙe to ka tafi da shi gida gaba ɗaya. Naman da ya ɗan saki yana yin banda, ku da kuke da injin ƙyafe kifi a kowane shago, ko ka ba wanda zai ci. Na baya kuma kayi istigfari, babu kaffara. Sannan kada ka farke cikinta tana motsi, ka buga mata a ka ta mutu tukuna, Allah ya wajabta kyautatawa akan komai har wajen kisa.

Yanzu maganar jini. Ɗan'uwan naka ba ƙirƙira yayi ba, kada ka riƙe shi a zuci. Mashhurin mazhaba kenan, Khalil yace jinin da ya kwarara najasa ne ko da na kifi ne, kuma shine ingantacce a wajen Shafi'iyya. Amma akwai abubuwa da dama da ya tsallake. Ita wannan kalmar "ko da" da Khalil yayi amfani da ita, duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci littafin ya san nuni take yi da cewa akwai saɓani a cikin mazhabar kanta. Alƙabisi malamin Ƙairawan wanda ya rasu 403 bayan hijira yana ganin jinin kifi mai tsarki ne, Alƙali Abubakar Ibnul Arabi wanda ya rasu 543 shima wannan ya zaɓa. Waɗannan ba baƙi bane a gidan Malik. Hanafiyya da Hanabila suma akan tsarkinsa suke. Kuma ni wannan ra'ayin nake gani ya fi ƙarfi, ba dan sauƙinsa ba, dan hujjarsa.

Ka duba, me yasa ake yanka rago? Daga cikin hikimar har da fitar da jinin nan da aka haramta. Shari'ar da ta tsananta akan yanka ita ce ta ce maka kifi ka ci ko ya mutu da kansa, jininsa na ciki. Da najasa ne da an umarce mu da wata hanya ta fitar da shi, ba a yi ba, kuma sahabbai sun ci ƙaton kifin nan da teku ta jefo musu a yaƙin da Abu Ubaida ya jagoranta, sukayi kwanaki suna ci har suka kawo wa Annabi SAW saura ya ci, babu inda aka ce sun tsaya tsiyaye jini. Ƙananan kifi kuma tun zamanin da ake soyawa ko a shanya ɗungurungum a ci. Masu cewa najasa ne suna kafa hujja da gamewar ayar Suratul An'am da ta ambaci jini mai kwarara, su ce kuma hadisin matattu biyu da jini biyu hanta da saifa kawai ya togace. Amsar ita ce ayoyin da suka haramta jini sun haramta mushe shima a game, sunna ta zo ta cire kifi, kuma ta cire shi ne da duk abin da ke jikinsa, bata ce naman banda jinin ba. Malaman Hanafiyya ma sun ƙara da wata lura, sukace jinin kifi idan ya bushe a rana fari yake komawa, jinin dabbar tudu kuwa baƙi yake yi.

Ko a mashhurin ma maganar ɗan'uwan bata tsaya ba. Abin da aka ce najasa shine wanda ya kwarara ya rabu da jiki lokacin da aka yanki kifin. Wanda ya rage a jijiyoyi bayan mutuwa wannan kamar jinin da ke cikin naman rago ne bayan yanka. A Masar suna da wani kifi da ake jerawa a gishiri ana kiransa fasikh, malamai sunyi ta muhawara akan ruwan da ke fita daga cikinsa, Sawi ya hakaito daga malaminsa Shehu Dardir wanda ya rasu 1201 bayan hijira cewa shi abin da yake bauta wa Allah da shi shine fasikh mai tsarki ne, saboda ba a sa masa gishiri sai bayan ya mutu. To ƙwanka ma haka yake, ɗan jan da kake gani a siraran jijiyoyin tantanin ba jini mai kwarara bane. Balle ma masu wannan sana'ar su da kansu basa son jini a ƙwai dan shi yake fara ɓata shi, shi yasa da an kama kifin ake yanke wajen numfashinsa jinin ya tsiyaye a ruwa, idan an ciro ƙwan kuma a bi jijiyar da bayan cokali ana turo sauran ana dangwalewa da tishu. Kaga kafin ya shiga kwalba ma babu wani jinin kirki. Sannan a mazhaba an yafe jinin da bai wuce faɗin dirhami ba a tufa ko jiki. Na zauna a Yawuri wani lokaci, na ga masunta suna fitowa daga jirgi rigunansu duk dabbare da ɗigon jini da ɓawon kifi, su ɗaure jirgin suyi alwala a bakin ruwa su tada salla akan yashi, ga mata can suna farke tarwaɗa hannu jajir. Wa zai ce wa waɗannan bayin Allah duk sallolinsu sun ɓaci alhali manyan malamai sun basu mafita? Idan ka samu hali ka wanke abin da ya yi yawa dan fita daga saɓani yayi kyau, amma rama salla babu.

Kifin da ya haɗiyi ƙwan halal ne ko da a ce ƙwan najasa ne, loma ɗaya bata mayar da dabba jallala, wato dabbar da najasa ce abincinta, ka cire kayan cikin ka wanke shikenan.

Garin Jell-O ɗin ne nake so ka daina. Jelatin, sinadarin da ke cikinsa mai sa shi daskarewa, wanda ake yi a ƙasashen nan sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Akwai malaman zamani da suke ganin ya rikiɗe ya zama wani abu daban, akwai waɗanda basu yarda ba, Hanabila kuma suna da magana akan kama kifi da najasa tsakanin karhanci da haramci. Tunda kala kawai kake nema ka sayi kalar abinci wadda babu jelatin, an huta. Wanda ka riga ka haɗa bana ka ƙarasa da shi ka wanke hannu, kifin da ka ci a baya babu komai a kanka.

Idan kuma garin gyaran ƙwai na kanti kake saya ka karanta jikin robar. A jihar Oregon maƙwabciyarku an yi bincike aka gano wani sinadari da ake kira sodiyom salfayit da ke cikin wasu daga ciki yana kashe 'ya'yan salmon idan suka ci, har a 2011 aka daidaita da masu haɗawa kada ya wuce giram 12 a kilo ɗaya na ƙwai. Mu da muka ga abin da zuba guba a ruwa yayi wa kogunanmu bai kamata mu raina wannan ba. Haɗin gida na boraks kashi uku suga kashi biyu gishiri kashi ɗaya ya ishe ka, kuma sauran da ya rage kada ka juye a kogi.

Boraks ɗin nan kayan wanki ne ba abinci ba, ƙwan da aka gyara da shi ba a ci. Ban san ko kana da yara ba, amma kwalba mai jan abu mai sheƙi da suga a ciki a firij ɗin gida yaro zai ɗauka alawa ce. Ka rubuta a jiki da manyan baƙi, ka gaya wa mai ɗakinka, in da hali ka ware masa wuri daban, cokali da kwanon haɗin ma kada su koma kicin. Ka sa safar hannu. Kalar da ta kama fata kamar lalle take bata hana alwala, amma idan danƙon ƙwan ya bushe a farce sai ka kankare dan ruwa ya taɓa fata. Kada ka sayar da ƙwan, abin da aka kama da lasisin nishaɗi doka bata yarda a sayar ba. Kuma kada ka wuce masallaci kai tsaye da kayan da suke ƙarni, wanda ya ci tafarnuwa ma an ce ya nisanci sahu.

Naji daɗi da kace kana salla a bakin ruwa, ka riƙe wannan, abokin naka yana kallonka ko bai ce komai ba. Lokacin kifin nan rana gajera ce a wajenku, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa, ka sa ƙararrawa a waya dan mai fatsa baya sanin wucewar lokaci. Ranar Juma'a kuma kada ka fita sai in ka tabbata zaka dawo kafin huɗuba. Ɗan'uwan da yayi maka magana ka same shi kai da shi ka nuna masa wannan amsar cikin girmamawa, idan yana da wani nassi da bamu ambata ba ya turo mu duba. Wallahu a'alam.