Docker a Sabar Gida: Layin Umarni ko Portainer?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da tsohuwar laftof da na sa wa Ubuntu na mayar da ita sabar gida, ina tafiyar da Jellyfin (manhajar kallon finafinai) da Nextcloud (ta ajiyar fayiloli) da Pi-hole (ta toshe tallace-tallace) a cikin kwantenonin Docker. Wani abokina ya ce in daina wahalar rubuta umarni, in sa Portainer in riƙa danna maɓalli kawai. Wanne ya fi? Sannan duk lokacin da aka ɗauke wuta har batiri ya ƙare, sai in tarar kwantenonin ba su tashi ba. (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Barkanmu dai, malam. Da farko, Docker shi ne ke tafiyar da kowace manhaja a keɓe cikin abin da ake kira kwantena, Portainer kuwa shafi ne na sarrafa shi da maɓallai. Portainer ba ya maye gurbin Docker, domin shi kansa kwantena ne da ke magana da Docker ta fayil ɗin `/var/run/docker.sock`, kuma kana buɗe shi a burauza ta ƙofa (port) mai lamba 9443. Amfaninsa a bayyane yake: kana zaune da waya a hannu za ka ga wace kwantena ce ta tsaya, ka karanta bayanan kuskurenta, ka sake tayar da ita. Idan ka sa shi, ka ƙirƙiri asusun shugaba (admin) cikin minti 5 na farko, in ba haka ba zai kulle kansa har sai ka sake kunna shi. Ka kuma sani cewa duk wanda ya shiga Portainer ɗinka ya mallaki na'urar gaba ɗaya, saboda haka ka ba shi kalmar sirri mai ƙarfi, kuma kada ka buɗe ƙofarsa ga intanet.

Inda na saɓa da abokinka shi ne wajen ƙirƙirar kwantena. Idan ka gina ta da danne-danne, ka cika lambar ƙofa a wannan shafi, ka zaɓi folda a wancan, to bayan wata shida ranar da faifan kwamfutar ya lalace ba za ka tuna rabin abin da ka zaɓa ba. Shawarata ita ce kowace manhaja ta samu foldarta, a ciki ka ajiye fayil mai suna `compose.yaml` da ke ɗauke da sunan manhajar, ƙofofinta, da inda bayananta suke zama. Layuka goma sha biyar sun wadatar ga Jellyfin. Daga nan umarnin da za ka riƙa amfani da su ba su da yawa: `docker compose up -d` yana tayar da ita, `docker ps` yana nuna waɗanda ke aiki, `docker logs` tare da sunan kwantena yana faɗa maka abin da ke damunta, idan kuma sabuntawa kake so sai ka yi `docker compose pull` sannan ka sake `up -d`. Portainer zai ga waɗannan kwantenonin, amma zai nuna cewa ikonsa a kan tsarinsu taƙaitacce ne, kuma hakan daidai ne. Ka riƙa dubawa da Portainer, ka riƙa yin canji a cikin fayil, sannan ka kwafi fayilolin zuwa filashi.

Batun ɗauke wuta kuwa, Docker ba ya tayar da kwantena da kansa sai an umarce shi. Ka ƙara layin `restart: unless-stopped` ƙarƙashin kowace manhaja, wanda ke nufin ta tashi tare da kwamfuta sai dai idan kai ka tsayar da ita da hannunka. Ka duba BIOS, wato saitunan da ake shiga yayin kunna kwamfuta, ko akwai zaɓin kunnawa da zarar wuta ta dawo, domin ba kowace laftof ke da shi ba. Abin da ya fi damuna a nan shi ne Nextcloud, saboda rumbun bayanansa yana iya lalacewa idan na'ura ta mutu yana tsakiyar rubutu, don haka ka saita laftof ɗin ta kashe kanta a tsanake kafin batiri ya ƙare.

Ka kiyaye da umarni ɗaya. `docker compose down` yana cire kwantena ya bar bayanan da ke cikin ma'ajiyoyi (volumes), amma idan ka ƙara masa `-v` zai goge ma'ajiyoyin da aka ayyana a fayil ɗin tare da duk abin da ke cikinsu, kuma ba zai tambaye ka ko ka tabbata ba.