Me ya sa layin 9 ba ya canzawa, kuma ina alaƙarsa da hatimin 15?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Jidda, kuma idan aiki ya yi sauƙi nakan zana jadawalin ninkawa daga 1 zuwa 9, sannan in haɗa alƙaluman kowace amsa har su koma alƙalami ɗaya, wato 56 ta zama 11, ita kuma ta zama 2. Na lura cewa layin 9 ba ya ba da komai sai 9, layin 3 yana maimaita 3, 6, 9, layin 8 kuma yana gangarowa daga 8 zuwa 1. Shin wannan sirri ɗaya ne da na hatimi mai gida tara, wanda ake cikewa da lambobi 1 zuwa 9 kuma kowane layinsa yake ba da jimlar 15?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka gani gaskiya ne, sai dai abubuwa biyun da ka haɗa tushensu daban ne.

Na jadawalin ya samo asali ne daga yadda muke rubuta lambobi da goma-goma. Goma dai 9 ce da 1, ɗari kuma 99 ce da 1, dubu 999 da 1. Saboda haka idan ka ɗauki 347, kana da 99 sau uku, da 9 sau huɗu, sannan ragowar 3 da 4 da 7. Kashi biyun farko suna rabuwa da 9 babu saura, don haka abin da ya rage shi ne jimlar alƙaluman, wato 14, wadda ta koma 5. Raba 347 da 9, za ka ga saura 5 ne cif. Ashe duk lokacin da kake haɗa alƙaluma, sauran rabawa da 9 kake nema ba tare da ka yi rabawar ba, illa dai inda babu saura sai 9 ta tsaya a wurin. Wannan ne ya sa layin 9 bai taɓa motsawa. Layin 8 yana gangarowa ne domin ƙara 8 daidai yake da ƙara 9 a cire 1, layin 3 kuma yana dawowa bayan taki uku tunda 3 sau uku 9 ce. Da a ce mutane suna ƙirga da takwas-takwas, da 7 ce za ta riƙe wannan matsayi.

Akwai amfani a ciki ga mai lissafin kuɗin yadi. Idan ka sami 9022 a ninkin 347 da 26, mayar da su 5 da 8, ninkinsu 40 ne, ya koma 4, ita ma 9022 ta koma 4. Amma kada ka saki jiki, domin da ka rubuta 9202 bisa kuskure, gwajin ba zai kama ka ba.

Hatimin kuwa bai damu da yadda ake rubuta lamba ba. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, idan aka raba ta wa layuka uku kowanne ya sami 15. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya, wato na kwance da na tsaye da biyu na kusurwa zuwa kusurwa, jimlarsu 60, kuma sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Rarar 15 da ke tsakanin 60 da 45 ita ce lambar tsakiya sau uku, don haka dole 5 ta zauna a can. Shi ya sa tsarin 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa shi kaɗai ne, sauran juya shi kawai ake yi. Mai gida 16 yana ba da 34 kuma yana da tsari 880 idan ba a ƙirga juye-juyensu ba, mai gida 25 yana ba da 65.

A wannan fanni muna da namu gwani. Muhammad bin Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi aikin hajji ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan hanyoyin cike irin waɗannan gidaje masu layi mara, kamar uku da biyar da bakwai.