Ga 'yar uwar da aka ce ta haƙura da kasonta na gida

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce yayanku yana so ya saye gidan mahaifinku daga hannun sauran magada a kan kuɗin da shi kaɗai ya yanka, manya kuma sun taru a kanki wai ki karɓa saboda zumunci, kina tambaya ki haƙura ne ko ki kai ƙara. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Ni dai shawarata ki yi sulhu, amma sai kin san abin da za ki bari tukuna, kuma shi ma yayan naki ya bar wani abu. Idan ke kaɗai ce za ki sauko, shi yana nan inda yake, kada ki sa hannu.

Namu gidan a cikin gari yake, tsohon ginin ƙasa, da shaguna biyu a bakin titi. Baffanmu ne ya riƙe komai tun ranar da aka yi jana'iza, shi ke karɓar haya, shi ke riƙe da takarda. Bayan sadakar arba'in aka kira mu soro. Maza na kan tabarma, mu mata muna rakuɓe a bakin ƙofa. Ya faɗi kuɗin da ya yi wa gidan, ya ce shi zai saya don kada ya faɗa hannun bare. Na ce, "Baffa, wa ya yi wa gidan kuɗi?" Abin da na faɗa ke nan, ko murya ban ɗaga ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke da kike ɗakin miji, me za ki yi da gida?" Soron nan ya yi tsit. Yayyena maza, waɗanda muka ci tuwo a kwano ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Innarmu tana bayana tana jan hijabina tana hawaye, tana cewa in yi shiru don Allah. Mutumin nan shi ya karɓi sadakina ranar ɗaurin aurena. Mahaifina ne ya biya masa kuɗin makaranta, ya yi masa aure, ya ba shi jari. Har yau idan na tuna kallon da ya yi mini sai in ji zuciyata tana tafasa. Daga nan kuma a gidan biki gwaggonnina suka daina amsa gaisuwata, suna raɗa wai ga mai son abin duniya ta iso. Wata har ce mini ta yi gado wuta ne. To idan wuta ne, me ya sa shi yake rungumar sa gaba ɗaya?

Na kai ƙara, kuma ba zan ce miki kada ki kai ba, haƙƙinki ne. Amma ki shirya. Yau a ɗage zama saboda wani magaji bai zo ba, gobe lauya ya yi tafiya, kuɗin adaidaita sahu da na takardu suna ta tafiya. Aka rufe shagunan, haya ta tsaya, damina ta zo katangar baya ta zube babu mai gyara saboda kowa na cewa magana na kotu. Innarmu ta kwanta ciwo. Ƙarshe alƙalin da kansa ne ya ce mu koma mu gwada sasantawa.

Mai unguwa da limamin masallacinmu suka zaunar da mu. Allah ya saka wa liman da alheri, don shi ya fara da lissafi kafin wa'azi. Ya ware tumunin Inna, ya raba saura, namiji kason mata biyu, kowa ya ji nasa da kunnensa. Aka kira dillalai biyu da ba su san juna ba suka yi wa gidan kuɗi. Sai a lokacin aka shiga maganar rangwame. Na yafe kuɗin hayar da ya ci a baya, na yarda ya biya kashi-kashi. Shi kuma ya hau kan farashin dillalai, ya yarda Inna ta zauna a ɗakinta iya rayuwarta. Ban samu duk abin da nake so ba, kuɗin hayar nan har yanzu yana yi mini ciwo, amma da idona a buɗe na bar shi.

Za su yi ta karanta miki ayar Suratun Nisa'i cewa sulhu alheri ne. Gaskiya ne. Ki tuna musu hadisin da ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Kuma ko a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Annabi (SAW) ya yarda ya koma Madina bai yi umra ba, ya yarda aka goge "Manzon Allah" daga takarda, amma ai Ƙuraishawa ma sun ba da nasu: ajiye makamai na shekara 10 da damar umra a shekara mai zuwa. Kuma rubutawa aka yi, Sayyidina Ali ne ya rubuta. Don haka duk wanda ya ce miki "haba, tsakanin 'yan uwa har sai an rubuta?" ki ce masa e, a rubuta, da shaidu, da ranar biyan kowane kashi, kowa ya riƙe kwafinsa.

Mahaifina ɗan jam'iyyar PRP ne na gani-kashe-ni. Yakan ba mu labarin yadda jam'iyyar da ta ci Kano a 1979 ta dare biyu, 'yan santsi na bayan Abubakar Rimi, 'yan taɓo na tare da Malam Aminu Kano, har Rimi ya tsaya a NPP a 1983 Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi, kafin shekarar ta ƙare kuma sojoji suka kwashe kowa. Mahaifin nawa yana da aminin da suka daina gaisawa saboda wannan rigimar har mutuwa ta raba. Kin kuma ga 2022, da Malam Shekarau ya shiga NNPP wajen Kwankwaso, bayan 'yan watanni ya fice yana cewa ba a cika alƙawarin da aka yi wa mutanensa ba. Manya suna haɗuwa su rabu, na ƙasa ke kwana da gaba. Haka 'ya'yana da 'ya'yan Baffa suka taso ba su san juna sosai ba, wannan ma yana damuna.

Kada ki je zaman ke kaɗai, ki tafi da mijinki ko kawunki na wajen uwa. Kada ki sa hannu ranar da aka kawo takarda, ki kwana da ita, ki nuna wa malamin da ya san ilimin rabon gado. Idan mai unguwarku yana jin nauyin yayanki, ofishin Hisbah ma suna zaman sasanta irin wannan. Kuma ki daina mayar da martani a zauren WhatsApp na dangi, duk abin da kika rubuta cikin fushi za a ajiye a karanta miki a gaban manya. Ki ci gaba da gaishe da yayanki ko bai amsa ba.

Ba ki faɗa mana ba ko mahaifiyarku tana raye, da kuma wanda takardar gidan take hannunsa. Ki fara binciko wannan tun kafin a sake kiran ku zama.