Muryar Kawu kan birkin da ya yi laushi a Hawan Kibo

(Na rubuto muryar da Kawu ya turo zauren gida jiya da daddare, saboda masu cewa ba su da data. Auta ne ya yi tambaya: birkin Corolla ɗinsa ya yi laushi yana gangara Hawan Kibo, dutsen nan na hanyar Jos zuwa Akwanga, makanike ya ce fad, wato abin da ke gugar faifan taya in an taka birki, shi kawai za a canza, kuma yana so ya sayi taya biyu 'yan Beljiyom kafin tafiyar biki ranar Asabar.)

Assalamu alaikum. Auta, na saurari muryarka har sau biyu. Da farko dai Alhamdulillahi da Allah ya tsare, don abin da ka ba da labari kana dariya ɗin nan, wallahi ba abin dariya ba ne. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗaukar fasinja daga Jos zuwa Abuja ta Akwanga, na san abin da gangaren nan yake yi wa mutane.

To bari in maimaita abin da ka ce, ko na ji daidai. Ka ce kana cikin gangarowa sai ka ji ƙauri, ka taka birki ya tafi ƙasa kamar ka taka soso, sai da ka yi ta famfa shi kafin motar ta tsaya. Ka zauna kamar rabin awa, da ka tashi sai birki ya dawo garau. Kuma ka ce tun kafin ranar, in ka taka birki kana gudu sitiyari yakan yi rawa. Haka ne ko?

Wannan dawowar da birkin ya yi da kansa, ita ce ta tona asirin. In da fad ne ya ƙare, zaman rabin awa ba zai mayar masa da nama ba. Man birkinka ne ya tafasa. Ka ga man birki yana da wani hali, yana shan danshin iska a hankali a hankali, ko ba ka taɓa buɗe murfin ba. Sabon man birki irin DOT 3 sai zafi ya haura digiri 200 kafin ya tafasa, amma in ya tsufa ya sha ruwa, wajen digiri 140 ma ya isa. Kai kuma ka ɗora ƙafa kan birki tun daga saman dutse, fad yana gugar faifai, zafi yana ratsawa har cikin man. Da ya tafasa sai ya zama tururi, shi kuwa tururi matsewa yake yi in ka taka, ba ya tura komai. Shi ya sa ƙafarka ta tafi ƙasa. Da ya huce sai ya koma ruwa, kai kuma ka ce ai mota ta warke.

Yaushe rabon a zubar da man nan a sa sabo? Na san amsar, ba sai ka faɗa ba. Mu dai ciko muka sani. In ya ragu a ƙara, in ya ragu a ƙara, har ya koma kalar shayin da ba madara. Ka'idarsa kamar duk shekara biyu a zuƙe tsohon gaba ɗaya, a yi bilidin ƙafa huɗun, wato a kwance ta kowace taya iska da tsohon mai su fita, sai an ga mai fari tas yana fitowa. Ka duba saman murfin, an rubuta irin wanda motarka take sha, ko DOT 3 ko DOT 4. Kada wani ya ba ka DOT 5 ya ce ai lamba babba ta fi kyau, wannan wani iri ne daban, ba a gauraya shi da waɗancan. Kuma ka sayi gwangwanin da ba a fasa ba, ba wanda ya kwana wata uku a buɗe a gareji ba.

Ban ce makanikenka ya yi ƙarya ba fa. Mai yiwuwa fad ɗin ma ya ƙone, tunda ka ji ƙauri. A cire taya a gabanka ka gani da idonka. In namansa ya yi saura kamar milimita 3, ko fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli kamar gilashi, a canza, kuma hagu da dama tare. In ka ga ɗaya ya cinye ɗaya yana nan da ƙibarsa, to kalifa ce take riƙewa, wato abin da ke matse fad a kan faifai, a wanke fil ɗinta a sa giris. In ba a yi haka ba, sabon ma haka zai cinye.

Rawar sitiyari kuma, ka lura da lokacin da take zuwa. In sai ka taka birki take yi, faifan ne fuskarsa ba ta daidaita ba, ko a kai a goge in yana da sauran kauri, ko a canza. In kuwa kana tafiya ne wajen gudun 100 ba ka taɓa birki ba take rawa, wannan balansin ne, aikin minti ashirin. Af, ina fata da ka tsaya ba ka watsa wa wilin ruwa ba? Na sha ganin direbobi a gindin Kibo suna fasa fiya wata a kan faifai yana cuwww, suna jin sun yi dabara. Ƙarfe mai zafi ka sheƙa masa ruwan sanyi, me kake jira?

Amma Auta, laifin ba na mota ba ne kaɗai, har da ƙafarka. Jos tana saman tudu, sama da mita 1,200, duk inda za ka fita gangara ce. Ba a sauka dogon gangare da birki, da giya ake sauka. Motarka atomatik ce, ka duba ƙasan D akwai 2, akwai L. Ba ado aka sa su ba. Tun kafin ka fara gangarowa ka rage gudu, ka ja ta zuwa 2, injin zai yi ƙara, ƙyale shi, aikinsa yake yi. Birki kuma ka taka da ɗan ƙarfi ka saki, ya sha iska, ka sake takawa. Masu sa mota a firi wai suna tattalin mai, su kam ban san me zan ce musu ba. Ko a Gada Biyu cikin gari ban yarda da wannan ba.

Sai maganar taya. Na san kuɗin sabuwa ya yi tsada, ba sai an gaya min ba, ni ma na je Dilimi na ji farashi na dawo ina salati. Ni dai ra'ayina, tunda kai mai hawa babbar hanya ne da iyali, gara sabuwa mai sauƙin kuɗi daga dila da ka yarda da shi a kan Beljiyom mai babban suna wadda ba ka san abin da ta gani a rayuwarta ba. In kuma dole sai Beljiyom ɗin, to kada zanen ya ruɗe ka. Ka duba gefenta inda aka rubuta DOT, ka bi har ƙarshe, akwai lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 3521, an yi ta a mako na 35 na shekarar 2021. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu suke faɗa, kuma suna dubawa a hanya. In ka ga wurin lambar an kankare ko an goge, ajiye musu abinsu. In akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta. Kada ka ce ai Jos ma da sanyi, kana wuce Akwanga kwalta za ta fara cinta. Ka sa a cire ta daga wili ka leƙa ciki ko akwai faci a gefe, ka shafa ko ta yi ƙulu. Tayar da ta kumbura a gefe ba ta da magani.

Kuma in biyu za ka saya, masu kyaun a baya ake sa su. Na san za ka ce injin a gaba yake ja. E, amma in gaba ta zame kana da sitiyari a hannu, in baya ta zame a kwana cikin ruwan sama, motar juyawa za ta yi da kai, kuma ka san ruwan Jos.

Iska kuma, kada ka bar wa mai faci ya yanke maka. Wasu hamsin suke dura wa kowace mota, su buga da sifana su ce ta yi. Buɗe ƙofar direba, akwai takarda a manne a jikin ginshiƙin, irin motarka wajen 30 zuwa 32 za ka gani. Lambar iska da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Da safe ake aunawa kafin ta ɗau zafi. Ka sayi ɗan gejinka ka jefa a mota. Safaya ma a duba ta, don na tabbata tun da ka sayi motar ba ka ɗaga kafet ɗin but ba.

In kuɗin ba za su kai duka ba, fara da man birki da fad, su ne masu arha ma. Kada ka bari sai Juma'a da yamma, sabon fad yana so a ɗan zaga da shi cikin gari kwana ɗaya ko biyu ya zauna. Gobe bayan Azahar ina Farin Gada, ka kawo ta in tsaya a kai a yi bilidin ɗin, don sai da mutum biyu, ɗaya na famfawa ɗaya na kwancewa. Ka taho da man gwangwani biyu. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ban manta da saƙonta ba.