Ƙwayar asibiti ko kwalbar "wanke jijiya"? Amsoshin tambayoyinku kan kitsen jini da lafiyar zuciya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 54, ina da hawan jini. Na yi gwajin jini, an ce kolestarol ɗina da ake kira LDL ya kai 4.6. Likitan da ya duba ni ya rubuta min atorvastatin, ya ce in riƙa sha kullum, amma har yanzu ban saya ba. Abokina ya ce maganin yana cin tsoka, yana taɓa hanta, kuma wanda ya fara ba ya dainawa. Ya nuna min wata kwalba da ake talla a Facebook, haɗin tafarnuwa da kurkum da man kifi, wai tana wanke jijiyoyin jini cikin wata uku. Ta fi maganin asibitin tsada nesa ba kusa ba, amma in dai za ta raba ni da shan ƙwaya har ƙarshen rayuwa, zan daure in saya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, sayi abin da likitanka ya rubuta, ka bar musu kwalbarsu.

Masu tallar nan suna cin kasuwa ne da hoton da ke kan yawancinmu, cewa jijiyar jini tamkar bututun ruwa ce da maiƙo ya liƙe a cikinsa, sai a zuba wani abu mai ƙarfi ya kwashe shi. Ba haka ciwon yake ba. LDL wasu 'yan ƙunshi ne da ke yawo a cikin jini ɗauke da kolestarol. Idan sun yi yawa, sai su ratsa siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiya su maƙale a cikin bangonta. Fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye su, su cika fal, su mutu a wurin. A hankali wurin ya zama ƙullutu mai taushi a ciki, da wani ɗan murfi na nama a samansa. Wannan aikin shekaru ne, kuma da wuri yake farawa: a 1953 likitocin Amurka sun duba zukatan sojojinsu 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, samari masu kimanin shekara 22, suka tarar da alamunsa a sama da kashi 75 cikin 100. Ranar da murfin nan ya tsage, jini ya daskare a kansa ya toshe hanya cikin mintoci, ranar ce ake cewa wane ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke binne a cikin bango babu ruwan da zai wanke shi. Iyakar abin da ake iya yi shi ne a rage LDL ɗin da ke shiga, ƙullutun ya daina girma, murfinsa ya yi kauri.

To, wane ne yake rage shi? An taɓa haɗa su gasa. A 2022 asibitin Cleveland Clinic a Amurka ya raba mutum kusan 200 ta hanyar ƙuri'a. Wasu suka sha rosuvastatin, ɗan'uwan maganinka, miligiram 5 kacal. Wasu ƙwayar da babu komai a cikinta. Sauran kuma man kifi, kirfa, tafarnuwa, kurkum, sinadarin kitsen tsirrai, ko jar shinkafa mai yisti. Bayan kwana 28, LDL na masu rosuvastatin ya sauka da sama da kashi 35 cikin 100. A cikin shidan nan babu wanda ya fi ƙwayar wofi. Gwajin ƙarami ne kuma gajere, amma abubuwa uku da ke cikin kwalbar abokinka duk suna ciki.

Saukar lamba a takarda ma ba ita ce buƙata ba. Buƙata ita ce mutum ya tsira. A 1994 aka fitar da sakamakon wani bincike a ƙasashen arewacin Turai, mutum 4,444 masu ciwon zuciya: waɗanda suka sha simvastatin, wani ɗan'uwan maganinka, mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 30 cikin 100. Daga baya aka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2010, aka ga duk saukar LDL da maki ɗaya, a ma'aunin da aka yi maka gwaji da shi, tana rage bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 22 cikin 100. Naka 4.6 ne, kuma isasshen atorvastatin kan iya sauke shi kusan rabi. Yi lissafin da kanka.

Maganar tsoka kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai an zuzuta ta. A Landan, a 2020, aka tara mutum 60 waɗanda duk sun jefar da irin wannan magani saboda ya dame su. Aka ba kowa kwalba 12, ɗaya a wata: huɗu da atorvastatin, huɗu da ƙwayar wofi mai kama da shi sak, huɗu kuma babu komai. Kullum mutum ya rubuta a wayarsa yadda jikinsa yake. Da aka buɗe sirrin kwalaben, kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji a watannin magani sun ji shi a watannin ƙwayar wofi. Ba ƙarya suke yi ba, ciwon sun ji shi, amma haɗiyar ƙwaya da fargaba ne suka kawo mafi yawansa. Rabinsu sun koma shan maganinsu. Duk da haka, idan ka ji tsamin jiki mai tsanani, musamman in fitsari ya yi duhu, dakata ka ga likita a ranar. Mummunar illa ga hanta ba kasafai take faruwa ba. Maganin yana ɗan ƙara yiwuwar kamuwa da ciwon suga ga wanda dama yake bakin gaɓa, mai juna biyu ba ta sha, kuma duk wanda zai rubuta maka wani magani ka gaya masa kana shan wannan, don akwai waɗanda ba sa jituwa da shi.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne ba a dainawa. Hanta ce ke ƙera yawancin kolestarol ɗin da ke jikinka, maganin kuma rage mata hanzari yake yi, ka bari ta koma ruwa cikin makonni. Ga masu cewa su sun fi son abin da ya fito daga halitta: wani masani ɗan Japan, Akira Endo, daga jikin fumfuna ya zaƙulo na farkon wannan dangin magani a 1973.

Tambaya: Mahaifiyata shekararta 68, lafiyarta lau in ban da ciwon gwiwa. Na ji ana cewa duk wanda ya manyanta ya riƙa shan ƙaramin asfirin kullum don jini ya tsinke. Zan sayo mata kwali guda. Ya yi?

Amsa: Allah ya saka da alheri bisa kula da Mama, 'yar'uwa, amma kada ki saya. Wannan tsohuwar shawara ce da bincike ya riga ya wuce. A 2018 aka fitar da sakamakon gwaji a kan tsofaffi 19,114 masu ƙoshin lafiya a Ostareliya da Amurka, yawancinsu daga shekara 70 zuwa sama. Asfirin na kullum bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai ma zubar jini mai haɗari da ya ƙaru, a ciki da cikin kai. A 2022 kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce wanda ya kai 60 kuma bai taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki ba kada ya fara.

Ciwon gwiwar nan ma ya ƙara min dalili. Ina kyautata zaton tana shan ibuprofen ko diclofenac idan ya motsa, kuma haɗa su da asfirin hanya ce ta gyambon ciki mai zubar da jini. Amma a fahimce ni: wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko aka sa masa ɗan ƙarfen buɗe jijiya, aka ɗora shi a kan asfirin, shi kam kada ya daina sai da izinin likitansa. Kuɗin kwalin nan ki kai ta a auna jininta da suganta.

Tambaya: Ina son sayen na'urar gwajin hawan jini a gida. Akwai ta damtse, akwai ta wuyan hannu, ga kuma agogon zamani da aka ce shi ma yana aunawa. Wacce ta fi?

Amsa: Ta damtse, mai aiki da kanta. Ta wuyan hannu tana da saurin kuskure, da zarar hannun ya ɗan yi sama ko ƙasa da saitin zuciya lamba ta canza. Agogo kuwa ka bar shi ya ƙirga maka taku, kada ka ɗora shan magani ko barinsa a kan abin da ya faɗa. Kafin ka biya, nemi sunan samfurin a jerin na'urorin da aka tantance na ƙungiyar STRIDE BP a intanet, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ba a taɓa gwada ingancinsu ba. Sannan ka auna kaurin damtsenka ka duba lambar da ke jikin maɗaurin. Mai ƙaton damtse da ƙaramin maɗauri zai riƙa ganin jininsa ya hau alhali bai kai haka ba.

Na'ura mai kyau ba ta hana a yi awon banza. Ka yi fitsari tukuna, ka zauna minti biyar ka jingina baya, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada ka yi magana. Auna sau biyu, minti ɗaya a tsakani, safe da yamma, har kwana bakwai, ka rubuta. A awon gida, idan matsakaicin ya kai 135/85 ko ya wuce, kai wa likita takardar.

Tambaya: An ce min ban kamu da ciwon suga ba amma ina hanya, gwajin HbA1c ya nuna 6.1. Ina da teɓa. Kuɗina ba su da yawa. In sayi na'urar gwajin suga, ko shayin rage ƙiba, ko in tara in sayi allurar nan ta ramewa da ake yayi?

Amsa: Hajiya, cire shayin daga lissafi tun yanzu. Yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwa ne yake fita, kitsen yana nan daram. Na'urar suga ma ba ta zama dole a matakin da kike ba. Soka yatsa kullum zai cinye kuɗinki a sayen tsinken gwaji, bai kuma gaya miki abin da maimaita gwajin asibiti sau ɗaya a shekara ba zai gaya miki ba. A gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na watannin baya, daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne bakin gaɓa, 6.5 kuma an shiga. In kina da sikila ko ƙarancin jini ki faɗa, don HbA1c kan yi ƙarya a irin wannan jinin, sai a koma gwajin suga na kafin a karya.

Abin da ya fi aiki an gwada shi, kuma ba a kanti yake ba. A Amurka an bi mutum 3,234 irinki na kusan shekara uku, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiya mai sauri minti 150 a mako, kamuwa da ciwon suga ya ragu a cikinsu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba metformin, ƙwayar maganin ciwon suga, ya ragu da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da ɗan ɗoriya ba. A garin Da Qing na ƙasar Sin kuma an fara irin wannan gwaji a 1986, aka bi mutanen shekara 30, aka tarar har ciwon zuciya da mutuwa sun ragu a cikin waɗanda suka gyara ci da motsa jiki.

Allurar semaglutide ba yaudara ba ce. A 2023 wani gwaji na mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya, marasa ciwon suga, ya nuna ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100. Amma tana da tsada, nauyi yakan dawo idan an daina, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunta da aka kama. Ba abin saye daga hannun mai talla a waya ba ne. Ni dai da ni ce ke, takalmin tafiya mai daɗi zan saya, da tef ɗin awo. Kewayen ciki kada ya wuce rabin tsayinki.

Tambaya: Maigidana yana da hawan jini. Na ga wani gishiri ruwan hoda da aka ce daga tsaunukan Himalaya yake, wai ba ya ta da jini. In koma shi?

Amsa: Gishiri ne, kala kawai ya fi na kullum, da tsada. Sodiyam ɗin da ke ta da jini yana cikinsa kusan daidai da farin. Wanda bincike ya tsaya masa shi ne gishirin da aka rage wa sodiyam aka cike da fotasiyam. An gwada shi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, mutum 20,995, aka fitar da sakamako a 2021: shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100, mutuwa da kashi 12. Sai dai kafin ki zuba shi a tukunya, ki tabbatar ƙodar maigidan lafiya take, ki kuma karanta wa likita sunayen magungunansa. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan magungunan hawan jini irin su spironolactone, lisinopril ko losartan, fotasiyam kan iya taruwa a jininsa har ya rikita bugawar zuciya. In an ba shi izini, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya tana nan: ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye a cikin burodi da abincin gwangwani.