Yaro mai shirin BEPC da babbar waya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka saya wa yaronka mai shirin jarrabawar BEPC, wato ta gama koleji, babbar waya. Ni dai na ce ka saya, amma ta riƙa kwana a ɗakinka. A nan Maradi yanzu wani mushen da kansa yake ɗaukar hoton darasi a allo ya tura wa ƴan aji ta WhatsApp, marar waya sai ya bi gida-gida neman wanda zai ba shi ya kwafa.

Nawa yaron na kama shi ƙarfe biyu na dare cikin gidan sauro, fuska sai haske, wai lissafi yake. Ashe kokowa yake kallo! Tun ran nan da an sallame lisha nake karɓe ta. Forfen intanet kuwa, na yini ɗaya nake sa masa.